Bikon Ilu da Birkin Alfadari

Duk Gagarawa babu wanda bai san Ilu ba, don shi ba ya jira a neme shi, da ƙafarsa yake kawo kansa. Ka ce fankarka ta daina juyi, kafin ka rufe baki ya ce a Agadas ya koyi naɗin waya. Ka ce jakinka na ɗingishi, ya ce ai likitan dabbobi na Gumel ma wurinsa yake ɗaukar shawara. Alhali mu da muka tashi tare mun san iyakar tafiyarsa Maigatari, ita ma ranar Alhamis, a bayan motar shanu. Sana'arsa ta gaskiya facin taya, kuma a nan ɗin wallahi ba shi da laifi. To amma Ilu ya rena faci. Injiniya yake so a ce masa, mu kuwa muna faɗa, tunda faɗin ba ya rage mu da komai.

Matarsa Asama'u mai haƙuri ce, amma tura ta kai bango ranar da ta dawo daga barka ta tarar ya kwance keken ɗinkinta kaf, ya zuba a daro, wai ya ji yana wani ɗan tari. Ga ɗinkin bikin mutane jibge a kan gado. Ta yafa mayafi, ta hau mota sai Sule Tankarkar, gidan ubanta.

"Ku ƙyale ta," in ji Ilu a majalisa. "Da ƙafarta za ta dawo."

Ba ta dawo ba. Gida ya yi masa faɗi, ya koma cin ɗanwaken bakin tasha, wuyansa ya zama kamar mariƙin lema. Ilu dai yana son matarsa, wannan ko maƙiyinsa ya shaida, kuma kowa ya ga tsoro ya kama shi kada yajin nan ya zama rabuwa. Muka ce ya ɗauki dattijo su je biko, kamar yadda ake yi. Ya ce shi da bakinsa zai ɗauki ɗan rakiya? Ya tafi shi kaɗai.

Surukinsa Alhaji Halliru manomin riɗi ne, dattijo mai kunya da kara. Asama'u kuwa ita ce 'yarsa ta fari, don haka ko sunanta ba ya kamawa, balle na mijinta. "Malam" kawai yake ce wa Ilu, shi ma yana kallon gefe. Ilu ya tuɓe takalmi tun daga bakin lungu, ya tsuguna, ya zuba bayani har makogwaronsa ya bushe. Alhaji ya gama saurare, ya ja carbi, ya ce, "To, Malam, na ji. A je, sai na nema."

Duk wanda ya taɓa zuwa biko ya san wannan amsar. Sai baba ta gani ke nan.

Ilu ya miƙe zai tafi. Yana juyawa sai idonsa ya faɗa kan wani abu a gindin darbejiya, an lulluɓe shi da buhu. Wani babur ne mai ƙafa huɗu da Alhaji ya saya a Maigatari, mai tayoyi ɓul-ɓul da ke ratsa yashi, da shi yake zuwa gona tun da gwiwa ta fara ba shi wahala. Mutanen unguwa sun sa masa suna Alfadari, don shi ba mota ba, ba babur ba.

"Baba, lafiya na ga an rufe shi?"

"Ƙalau. Kututture ya daki faifan birkin baya a gona, ya lanƙwashe har ya tsage. Na gaba kuwa tun bara ya mutu. Bakaniken Gumel nake jira, ya yi tafiya."

Idon Ilu ya kawo haske. Ga hanyar da zai fita da matarsa cikin daraja, ana yi masa tafi.

"Baba, a bar mutumin Gumel ya huta. Wannan ai abincina ne. A Agadas irinsu nake kwancewa kafin karin kumallo."

Labarin keken ɗinki ya riga ya iso kunnen Alhaji. To amma yaya mutum zai dubi mijin 'yarsa ta fari ya ce masa ba ka iya ba? Sai ya ce, "To. Allah ya taimaka."

Mutum ɗaya ce a gidan nan take da bakin faɗa wa Ilu gaskiya, ita ce Khairiyya, ƙanwar Asama'u, malamar firamare. Ita abokiyar wasansa ce, duk abin da ta ga dama sai ta yaɓa masa. Tana ganin ya tuɓe riga ya ɗaura wando sai ta ɗaga murya ta cikin gida.

"Jama'a a ɓoye rediyo, a ɓoye agogo! Injiniya ya sauka!"

"Ke dai kawo wa maigida ruwa," in ji Ilu. "Ki kuma ce wa Hajiya a ara mini turmi."

"Turmi? Sakwara za ka yi wa babur?"

"Jak zan yi da shi, in ɗora babur a kai. Ilimi ne, ba a koyar da shi a firamare."

Hajiya Talatu, uwar Asama'u, ba ta ko haɗa ido da surukinta, balle ta hana shi abu. Ta bayan labule ta ce a ba shi. Maƙwabta suka kama Alfadari suka ɗaga bayansa, Ilu ya cusa turmi. Ya cire taya lafiya lau, wannan kam aikinsa ne, ya ɗaga ta sama ya nuna wa jama'a kamar wanda ya kamo kura.

Ana haka aka aiko masa da tuwo miyar kuɓewa a sabon kwano. Yunwa na cin Ilu kamar ta kashe shi, amma ina aka taɓa ganin suruki na lodar tuwo a ƙofar gidan surukai? Ya ce a mayar, shi a ƙoshe yake. Da aka ƙi mayarwa, ya faki ido ya tura kwanon ƙarƙashin babur, da nufin in jama'a sun tafi salla ya gana da shi.

Notocin da suka riƙe faifan sun yi tsatsa, sun ƙi motsi. Ilu ya ja sufana, ya taka ta da ƙafa, ya yi mata magana mai daɗi, ya zage ta. Daga nan ya ce a ba shi guduma. Dukan farko babur ya girgiza. Malam Abdulbaqi, maƙwabcin Alhaji, ya ce, "Injiniya, a dai yi a hankali."

"Malam, ƙarfe ba ya jin lallashi."

Ya ɗaga guduma da hannu biyu ya sauke. Turmin Hajiya, wanda tun na aurenta ne, ya ce ɓaras, ya rabe biyu. Alfadari ya zauna daɓas a kan kwano. Tuwo ya yi tsalle ta kowace kusurwa, miyar kuɓewa ta wanke wa Malam Abdulbaqi ƙafa har idon sawu.

Malam Abdulbaqi ya dubi ƙafarsa ya ce, "Ikon Allah. Ashe baburin nan tuwo yake ci."

"A'a, Malam," in ji Khairiyya daga bakin ƙofa, "na wanda ya ƙoshi ne, ajiya ya ba shi."

Aka bushe da dariya. Alhaji ya ɗauki butarsa ya tafi masallaci, alhali lokaci bai yi ba.

Aka sake ɗaga babur, wannan karon a kan bulo. Don ya kai ga faifan sai an zare ƙarfen da ke matse shi, wanda takalman birki ke ciki. Ilu ya ga wani siririn tiyo ya tare masa hanya, sai ya sa filaya ya fizge shi. Man birki ya tsiyaye cikin yashi har ɗigon ƙarshe.

"Subhanallahi, ba ɓarna aka yi ba kuwa?" in ji wani.

"Mataccen jini ne," in ji Ilu. "Dubi baƙinsa. Gara ya fita."

"Ashe ƙarfe ma ana yi masa ƙaho," in ji Malam Abdulbaqi, yana goge ƙafa da kara.

Da ƙyar da jiɓin goshi tsohon faifai ya fita. Ranar Alhamis Ilu ya nufi Maigatari sayo sabo. Khairiyya ta ce ya tafi da tsohon a gwada, ya ce idonsa ne ma'auni. A rumfar Ɗanjuma mai kayan gyara ya duba wannan, ya ƙwanƙwasa wancan a kunne kamar mai zaɓen kankana, ya ɗauki wanda ya fi ƙyalli. Da ya dawo, ramukan noti suka ƙi haɗuwa, faifan ma ya fi gurbinsa girma. Ya ce masu ƙera baburin ne suka yi kuskure. Ya kai wa maƙeri a faɗaɗa ramukan, maƙeri ya sa a wuta ya daka, faifai ya fito a karkace kamar marfin tukunyar da mota ta taka.

Sai da Khairiyya ta ƙulla tsohon a leda ta rataya masa a wuya, sannan ya koma ya samo daidai. Ɗanjuma ya miƙa masa kwalbar man birki ya haɗa da ita, Ilu ya ture, ya ce shi ba a yi masa cushen kaya.

Duk kwanakin nan a zauren Malam Abdulbaqi yake kwana. Asama'u kuwa ko inuwarta bai gani ba, sai dai in ya ɗaga murya yana bayani ya ga labulen tagar ɗakin Hajiya ya ɗan motsa. Wannan motsin labule shi ke ƙara masa ƙarfi, shi ne kuma ya ƙarasa kashe babur.

Ya ɗaura sabon faifai, ya mayar da komai, har da wasu notoci da suka ragu waɗanda ya ce dama ƙari ne. Ya juya taya da hannu sai aka ji ƙiiii, takalmin birki na gogar faifai.

"Kun ji? Ƙishirwa yake ji. A karɓo mini man gyaɗa wurin Hajiya."

Hajiya Talatu ƙuli-ƙuli take yi, mai kuwa ga shi nan a jarka. Ilu ya ɗura shi a mazubin man birki har ya tumbatsa. Sannan ya tsoma tsumma ya shafe faifan ciki da waje, ya bi takalman birkin ya ba su nasu rabon. Ya sake juya taya. Ta yi ta juyi shiru, sumul, kamar ba za ta tsaya ba. Jama'a suka ce, "Kai! Ka ji shiru!" Har wasu suka fara cewa ashe dai mutumin nan ana rena masa ne.

Khairiyya ta matso, fuskarta ba dariya. "Yaya Ilu, wasa a gefe. Birki kamawa yake yi. Mai kuwa santsi ne. Ta yaya abin da ka shafe da mai zai kama?"

"Kun ji ta ko? So take aikin ya lalace in daɗe a gidan nan tana kallona."

"Wallahi da gaske nake."

"Ni ma da gaske nake, amarya. Ki yi haƙuri, yayarki ta riga ki."

Aka sake fashewa da dariya, don kowa ya san tsakaninsu, babu wanda ya ɗauki maganarta da nauyi. Ranta ya ɓaci, ta shiga wurin ubanta.

"Baba, ka hana shi. Mai ya shafa wa birki."

"Na gani da idona," in ji Alhaji cikin baƙin ciki. "To in ce masa me? Mijin yayarki ne."

Ta je wurin uwarta, Hajiya ta ce, "Ni? Rufa mini asiri." Ta je wurin Asama'u, ita kuwa ta juya baya ta ce ai ita ba ta magana da shi. Haka gida guda kowa ya san abin da ke tafe, amma wadda ke iya faɗa ba a yarda da ita, waɗanda za a yarda da su kunya ta ɗaure musu baki.

Ilu ya sa gwaji ranar kasuwar garin, don a samu shaidu. Ni ma ranar na kai wake, da idona na ga sauran. Ya ci babbar riga ta aro, ya kafa hula, ya hau Alfadari ya tayar. Sannan ya sauko ya tsuguna gaban Alhaji a bainar jama'a.

"Baba, a hau a sa albarka."

Alhaji ya dubi babur, ya dubi jama'a. In ya ƙi, ya tozarta surukinsa a gaban unguwa. Ya waiwaya ya yi wa ƙofar gidansa wani irin kallo kamar mai bankwana, ya yi bisimilla ya hau. Can ƙarshen mazaunin kaya ya ɗosana, ya bar fili tsakaninsa da Ilu, ya riƙe ƙarfe ta baya, don ba zai kama ƙugun suruki ba.

Aka ce a zaga darbejiya a dawo. Ilu ya zaga, ya ji daɗin iska, sai ya miƙe hanyar kasuwa yana ɗaga wa mutane hannu. Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne bai taɓa tuƙa irin wannan ba. Totur ɗinsa ba murɗawa ake yi ba, ɗan maɓalli ne da ake dannawa da babban yatsa, a jikin hannun da ake riƙewa.

A bakin kasuwa wani amalanke ya gitta. Ilu ya matsa birki, hannun birki ya tafi luƙus har ya taɓa roba. Ya taka na ƙafa, shi ma haka. Tsoro ya sa ya damƙe kan babur da ƙarfi, babban yatsansa kuwa ya danne totur har ƙasa. Alfadari ya yi gurnani ya zabura, suka shafi gindin amalanke suka wuce.

"Baba."

"Na'am, Malam."

"Allah ya ƙara girma, akwai 'yar magana."

"A bari mu sauka."

"To ai maganar ke nan, Baba. Saukar."

Suka faɗa layin 'yan tumatir. Kwanduna suka tashi sama, mata suka watse suna salati. Suka ratsa ta rumfar mai yadi, suka fito da atamfa turmi guda tana filfila a wuyan Ilu. Mai tsire ya rungume tirensa ya haye katanga. A layin awaki wani bunsuru ya rasa inda zai bi, ya daka tsalle ya sauka a cinyar Alhaji, suka ci gaba da tafiya su uku.

A nan kunyar shekara da shekaru ta ƙare. Alhaji ya saki ƙarfe, ya shaƙo wuyan surukinsa da hannu biyu, ya kwarara ihun da aka ji har tasha.

"Ilu! Ilu! Kashe makulli, don ubanka!"

Ilu ya lalubo, ya kunna fitila. Ya sake lalubowa, ya danna ham. Haka suka bi ta tsakiyar masu tukwane suna ham, fitila a kunne da rana tsaka, kamar masu rakiyar amarya.

Bayan kasuwa akwai kududdufin da ake haƙar ƙasar gini, damina ta tafi ta bar shi da ruwa da taɓo. Alfadari ya gangara, ya yi tsalle ɗaya, ya ce tsundum. Injin ya yi tari ya mutu. Bunsuru ya fara fita, ya girgije ya kama gabansa.

Kasuwa kaf ta tashi ta dawo bakin kududdufi. Aka shiga aka tsamo Alhaji, ba rawani, ba takalmi, taɓo har gemu, amma Allah ya kiyaye ko ƙwarzane babu. Aka jawo Ilu da atamfar da ke wuyansa. Ya tofar da ruwa, ya share ido, ya dubi taron.

"Jama'a, ku dai ku faɗi gaskiya," in ji shi. "Tun daga gida har nan, akwai wanda ya ji birkin nan ya yi ƙara?"

Mai tumatir ta cire takalminta, sai da aka riƙe ta.

Sai ga Asama'u tana ratsa mutane a guje, ba takalmi, mayafi a hannu. A hanya wani ya ce mata babur ya kashe mutum, bai faɗi wanne ba. Ta dubi ubanta ta ga yana tsaye. Ta juya ta ga Ilu zaune cikin taɓo yana numfashi, sai ta fashe da kuka, kuka na gaske, har da shessheƙa. Can ta tuna fushi take yi, ta ɗaure fuska, hawaye na zuba.

Ilu ya rarrafo ya tsuguna gaban surukinsa.

"Baba, ƙaramin abu ne. Ruwa ne ya shiga injin. A bar ni in ƙara 'yan kwanaki a nan, in sauke shi gaba ɗaya in wanke. In na gama ma na ji injin ban-ruwan gida yana wani..."

Alhaji ya ɗaga hannu ya katse shi. Ya juya wajen 'yarsa.

"Ke! Je ki haɗa kayanki."

"Baba, ai ba a zauna an yi sulhu ba."

"An yi. Yanzun nan aka yi shi, a cikin ruwa. Na yafe masa, uwarki ta yafe masa, ke ma kin yafe masa. Motar Gagarawa ta la'asar kada ta tashi ba ku a ciki. Malam Abdulbaqi, don girman Allah ka raka su har sai ka ga ta ɗaga."

Dariyar da aka yi a bakin kududdufin nan har masu tukwanen da aka fasa sai da suka taya. Ilu ya miƙe, taɓo na ɗiga daga rigar aro, ya matsa kusa da matarsa yana washe baki.

"Kin gani ko? Dama na san aikin hannuna ne zai maido ki."

Asama'u ta sa bakin mayafinta ta kwashe masa taɓon da ya toshe kunne, ta yi ƙasa da murya.

"Yi shiru mana, Malam, kada ya ji ya fasa."